Na gwada allon zane na kwamfuta hannuna ya koma kamar na ɗan koyo, me zan saya?

Saƙon wannan satin daga Garwa ya fito, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 22, tun ina lakol nake zane da bik da fensir a bayan kaye, yanzu shekara huɗu kenan ina wajen wani dattijo mai rubuta allunan shaguna da fenti, shi ya koya min riƙe buroshi. Fuskar mutum ma ina zanawa da bik har a biya ni. Matsalar yanzu duk wanda yazo sai yace logo yake so ko katin biki ko zanen da za'a buga a bash, wato babbar ledar tallan nan da ake ratayewa, ni kuma ban iya na kwamfuta ba sai su wuce wani waje. Na tara sefa 65,000. Abokina ya ara min allon zanen nan da ake jonawa da kwamfuta na kwana biyu, wallahi Yaya ko da'ira na kasa yi, layina sai karkacewa yake kamar ban taɓa riƙe alƙalami ba, raina ya ɓaci sosai. Shi yace laifin allon ne, wai in jira in tara in sayi mai gilashi wanda kana zane kana gani a kansa. Maigidana kuma yace zanen na'ura ba zane bane kashe min hannu zai yi. Abinda nake da shi wayar Android ce da tsohuwar laftof ɗin yayana wadda batirinta ya mutu. Me zan saya, ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da abinda ya ɓata maka rai tunda shi ne ya hana ka barci ba maganar kuɗi ba. Hannunka lafiyarsa ƙalau. Abinda ya same ka a kwana biyun nan kusan duk wanda ya taso a takarda ya koma allon nan sai da ya same shi, nima ranar farko sunana na kasa rubutawa a kansa alhali na fi shekara goma ina zane a lokacin. Dalili kuwa shine tun kana yaro idonka da bakin alƙalaminka waje ɗaya suke kallo, yanzu an raba su, hannu na ƙasa kan tebur ido na sama kan gilashin kwamfuta, ga kuma fuskar allon da santsi ba kamar takarda da take riƙe bakin bik ba. Ka tuna ranar da ka fara hawa moto? ai hannunka kake ta kallo da ƙafarka wajen giya, yanzu fa, titi kawai kake kallo hannu na aikinsa shi kaɗai. To haka wannan yake, ba'a sabawa da shi a kwana biyu, ni sai da na yi kusan sati uku kullum ina zama kafin naji hannun ya dawo nawa.

Kuma akwai wani abu da nake zargi tunda ka ambaci da'ira. Allon nan sai an sa masa wata ƴar manhaja da ake ce ma direba, in laftof ɗin da Faransanci take zaka ga an rubuta pilote, idan ba'a sa ta ba alƙalamin bazai riƙa jin dannawar hannunka yadda ya kamata ba, layi zai fito kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Sannan ko an sa, in siffar allon bata yi daidai da siffar gilashin laftof ɗin ba, ka zana da'ira sai ta fito kamar ƙwai, ba laifinka bane, a cikin saitin direban akwai wajen da ake cewa ya daidaita tsawo da faɗin allon da na gilashin, dannawa ɗaya ce. Da yawa sun jingine allo sun ce basu iya ba alhali wannan ne kawai.

Yanzu maganar abokinka ta mai gilashi. Ba ƙarya yayi ba, ya fi sauƙin sabawa tunda kana ganin layin a ƙarƙashin alƙalami, irinsu Kamvas na kamfanin Huion da Artist na XP-Pen da Cintiq na Wacom. Amma ni bazan ce ka saya ba a halin da kake ciki. Ƙaraminsu a kasuwannin Turai wajen yuro 200 ne, kuma kasan yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya baya motsi, kaga ya haura 130,000 tun kafin kuɗin kawowa da ribar mai shago, wato ninkin abinda ka tara. Abinda mutane basu sani ba kuma shine shi ba kwamfuta bane, gilashi ne kawai na biyu, dole sai ka jona shi da laftof ta HDMI ko USB-C, wani ma sai an ƙara masa wuta daga soket, to kai da laftof ɗinka bata da batir, a garin da in rani ya tsananta ruwan Lagdo ya ja baya kowa yasan yadda kuran, wato wutar lantarki, yake zuwa yana tafiya, me zaka yi da shi? Ga zafin watan Maris da Afrilu da yake wuce digiri 40, gilashin kansa ɗumi yake yi a ƙarƙashin hannu, ga ƙurar hunturu, in ya faɗi ya tsage kuwa shikenan babu mai gyara maka shi a nan kusa. Marar gilashin kuwa ba abinda yake ci sai ɗan abinda yake ja ta wayar USB, zaka jefa shi a jaka ka hau moto ba fargaba, kuma akwai manyan masu zane a duniya da har yau shi suke amfani da shi don ba ya sa mutum sunkuyo har wuya da baya su ƙage.

Wani abun da nake so ka lura, kuma shi yasa nace kar ka zuba duk kuɗinka a allo. Ayyukan da kace suna wuce ka, logo da katin biki da bash, rabinsu ba aikin alƙalami bane, aikin jera rubutu ne da siffofi da launi, masu yin su a shagunan buga takardu yawanci da linzamin kwamfuta kawai suke yi a CorelDRAW ko Photoshop. Inda allon zai maka rana shine inda su basu iya ba, rubutun hannu mai kyau irin na maigidanka, fuskar ango da amarya da aka zana ba hoto aka liƙa ba, zayyana irin ta allon sauka a gefen kati. A nan ne zaka fi su, kuma wannan allon sefa dubu talatin da wani abu ma ya ishe shi.

To wanne. Kamfanoni uku ne zaka fi cin karo da su. Wacom na Japan ne tun 1983 suke wannan harkar, kayansu na da ƙarko direbansu baya yawan rigima amma sun fi tsada, kuɗin da zaka sayi ƙaraminsu zai saya maka matsakaici a wajen sauran. Huion da XP-Pen daga Shenzhen ta Sin kayansu ke fitowa, kuma gaskiya a ƴan shekarun nan sun kamo sosai, ɗan koyo bazai ji bambanci ba. Na Wacom masu sauƙin kuɗi sune One by Wacom da Intuos, ƙaraminsu wajen zanen santimita 15 ne da 9 da rabi, kamar tafin hannu biyu. Na Huion akwai H640P shima kusan haka girmansa, na XP-Pen akwai Deco 01 V2 wanda wajen zanensa ya kai santimita 25 da kusan 16. In da ni ne kai wannan na ƙarshen ko wani mai girmansa zan nema, irin H610 Pro V2 na Huion, dalili kuwa kai mutumin buroshi ne, ka saba jan layi daga kafaɗa da gwiwar hannu a kan allon shago, in aka baka ɗan ƙarami zaka ji an ɗaure ka, motsi kaɗan a ƙasa sai ya zama babban layi a sama, shi yasa rawar hannu take fitowa fili. In kuɗin bai kai ba ƙaramin ma ba laifi, ana aiki da shi, amma kar ka sauka ƙasa da haka. Akwai wasu ƴan mitsi-mitsi da ake zubarwa da araha irin tsohon Huion 420, wajen zanensa bai fi santimita 10 da 6 ba kuma alƙalaminsa sai an sa masa batir, wannan don sa hannu a takarda ya dace ba don zane ba.

Maganar batir ɗin nan ka riƙe ta da kyau, alƙalamin da zaka saya ya zama wanda baya cin batir kuma ba'a cajinsa, allon ne da kansa yake aika masa ƙarfi ta maganaɗisu in ya kusanto, a kwalin zaka ga an rubuta sans pile ko sans batterie. Ni na farkon da na saya a wani shago mai batir ne, ga nauyi a hannu, kuma wata rana da daddare ina tsakiyar aikin da za'a karɓa da safe ya mutu, shaguna duk a rufe, haka na kwana ban gama ba na ba mai aikin haƙuri da safe cikin kunya.

Mai shago zai cika ka da lamba, wannan 8192 ne wancan 4096 wancan 2048 kawai, wato matakan da alƙalamin yake bambance ƙarfin dannawa. Kar ta ruɗe ka. One by Wacom 2048 ne kuma mutane na fitar da aikin da za'a biya da shi, hannun ɗan Adam baya tantance dubu huɗu da dubu takwas. Abinda ya fi wannan shine in ka ɗora alƙalamin a hankali kamar zaka yi inuwa da fensir, yana fara fitar da layi ko sai ka danna, kai da kake inuwar fuska da bik kasan darajar wannan. Sai ka duba wayar USB ɗin ana cire ta ko a manne take, wadda ake cirewa in ta lalace zaka samu irinta a wajen masu kayan waya. Sai bakin alƙalami, ɗan robar nan na tsini, yana cinyewa kamar yadda alƙalamin kara yake dakushewa sai dai shi ba'a feƙe shi sauyawa ake, ka ƙirga na ajiya nawa ne a cikin kwalin don in sun ƙare samunsu a arewa wahala ne, kuma alƙalamin wani kamfani baya aiki a allon wani. Kar ka yarda ya faɗi ƙasa kan siminti, akwai wani siririn ƙarfe a cikinsa mai saurin karyewa.

Wajen saye kuma dan Allah kar ka yi cinikin biri a sama. Nasan yadda ake yi, a ga hoto a Facebook ko a sitatus a tura kuɗi ta MoMo ko Orange Money a zauna jiran kaya a ajans, wani ya dace wani kuma shiru. In a nan Garwa ka samu ka ɗauki laftof ɗin ka je da ita a jona a gabanka, ka ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa ka ga ko akwai inda yake yankewa, ka danna da ƙarfi ka sassauta ka ga layin na kumbura yana sirancewa, ka gwada maɓallan jikin alƙalamin. In babu, ka nemi ɗan uwa ko amintacce da ke Yawunde, mutanenmu cike suke a unguwar Briketiri, ya leƙa maka Abeni Kenedi, titin masu sayar da kayan waya da kwamfuta, ko Duwala, ko ƴan kasuwarmu masu zuwa Kano sari su duba maka, a bashi sunan da lambar a rubuce kar a ce masa "allon zane" kawai ya kawo maka tablet ɗin kallon fim. Na hannu ma ba laifi in alƙalaminsa na asali na nan kuma ka gwada. A Turai ƙananan wajen yuro 30 zuwa 50 suke, matsakaitan su ɗan ɗara, da wannan zaka auna ko mai shago ya zuƙa maka da yawa.

Abinda ya rage a kuɗin kuwa ka kai laftof ɗin wajen mai gyara a nema mata batir, in ba'a samu ba ka nemi ƙaramin ondila, na'urar nan mai riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, wannan ya fi maka komai amfani wallahi, don babu baƙin ciki kamar ka yi awa uku a kan fuska kuran ya tafi da ita. Ka saba danna Ctrl da S kamar yadda kake tsoma buroshi a fenti ba tare da tunani ba.

Wayarka ta Android fa? Tana yi, yawancin na Huion da XP-Pen na yanzu suna aiki da Android 6 zuwa sama ta ɗan mahaɗin nan OTG, sau da yawa ma yana cikin kwalin, sai ka sa ibisPaint ka yi zanenka ko babu wuta, amma sai wayarka na karɓar OTG ɗin, kuma a waya wani sashe na allon ne kawai yake aiki tunda ita a tsaye take, a wasu wayoyin ma baka ganin ɗan alamar da ke nuna inda alƙalamin yake. One by Wacom kuwa na kwamfuta ne kar ka saye shi da niyyar waya. Ni dai ina ganin wayar ta zama ta rage dare, laftof ta zama wajen aiki.

Manhaja kar ka kashe ko dala. Krita kyauta ce ta halal ba sai an fasa maka ita ba, kuma don masu zane aka yi ta, ka bar kwashe-kwashen fasassun manhajoji a kile USB daga shago zuwa shago da su ake kwaso cuta a kashe tsohuwar na'ura. In laftof ɗin na da giga 4 na RAM zata ɗauka in baka cika mata kaya ba, in kuma Windows 7 ce a kanta sabuwar Krita bazata hau ba sai a sabunta Windows ɗin ko a nemo tsohon zubi. A ciki abu uku kawai ka fara koya ka bar sauran ɗaruruwan buroshin nan da suke ɗauke hankali. Leya, masu Faransanci na ce mata kalk kuma sunan ya dace don kamar takardar kalk ɗin da kuka yi taswira da ita a lakol take, ka sa zanen farko a ɗaya, tawada a ta biyu, launi a ƙarƙashi, in launin bai yi ba ka goge shi kaɗai layinka na nan. Sai Ctrl da Z mai mayar da kai baya, shi kuma ka yi hattara da shi, na ga yara masu hannu mai kyau da suka koma jan layi ɗaya sau ashirin suna sokewa har suka rasa ƙarfin zuciyar nan da bik yake koya ma mutum, tunda bik in ka ja ka ja. Na uku mai daidaita layi, yana shanye rawar hannu, ka kunna shi kaɗan a satin farko kana ragewa a hankali.

Kuma ba dole bane ka tsallaka gaba ɗaya rana ɗaya. Hanyar da ta fi min sauƙi ita ce in zana a takarda yadda na saba, in ɗauki hotonsa da waya a inuwa da rana inda haske yake daidai, in tura laftof, in rage masa duhu, in buɗe sabuwar leya a sama in bi layina da alƙalamin allon. Kaga hannunka na bin sawun kansa ne, yana koyon sabon waje ba tare da ka rasa zanenka ba, kuma tun satin farko zaka iya fitar da abin sayarwa. Kafin ka fara kullum ka ba minti goma sha biyar ga layuka da da'ira da haɗa ɗigo biyu da layi ɗaya, ka ajiye allon daidai gaban gilashin kar ka karkata shi yadda muke karkata kaye, in kana son juyawa hoton zaka juya a cikin manhajar. Wasu har linzamin suke ɓoyewa na sati biyu komai da alƙalami suke buɗewa, yana saurin sa a saba. Santsin in ya dame ka ka manna farar takarda a kan allon alƙalamin na ji ta cikinta, sai dai tana cin baki da sauri. Gumi kuma zai riƙa manne maka gefen hannu, ka kai ma tela tsohuwar safa ya ɗinka maka safar hannu mai rufe ƙaramin yatsa da na kusa da shi. In ka gama ka rufe allon da ƙyalle, ƙurar nan in ta kwanta ka ja alƙalami a kanta kamar sanfefa take.

Ranar da aikin kuɗi ya fara shigowa ga inda ake faɗuwa. Abinda za'a buga a takarda ka buɗe shi da 300 dpi tun farko, wato ɗigo 300 a kowane inci, A4 zai zama ɗigo 2480 da 3508, in ka zana a ƙarami ka zo ƙara masa girma daga baya dishi-dishi zai fito. Logo da rubutun bash kuwa ka koyi Inkscape itama kyauta ce, zanenta na lissafi ne ba na ɗigo ba, ko a katin waya ko a bangon kanti za'a buga baya fashewa, ka zana da hannu ka kai can ka bi shi, ka ba mai bugawa PDF bayan ka mayar da rubutun ya zama siffa don kar injinsa ya sauya maka harufa. Launin da kake gani a gilashi haske ne na takarda tawada ce, shuɗi da kore masu ƙyalli dusashewa suke, ka sa a buga maka ɗan gwaji kafin a buga kati ɗari biyu. In zaka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin dokima ba hoto ba, in ba haka ba matse shi yake.

Saura Baba maigidanka. Kar ka yi musu da shi, kar ma ka ce masa zamani ya wuce, mutumin da ya baka shekara huɗu na iliminsa ya wuce haka a wajenka, kuma in ka duba tsoronsa biyu ne, yana tsoron hannunka ya mutu yana kuma tsoron ka bar shi, ga shi yana gani da idonsa bash na cinye sana'ar da ya tsufa a cikinta. Na farkon yana da gaskiya a ciki in ka yar da takarda, don haka kar ka yar, kayenka na aljihu kullum, safiya kuma tasa ce kana wajen fenti kamar yadda ka saba, dare naka ne da allo. In hannunka ya zauna, ka roƙe shi ya rubuta maka harufa da buroshinsa a farar takarda, daga A har ƙarshe da lambobi, da na ajami in yana yi, ka ɗauke su ka gyara a kwamfuta, aikin bash na farko da ka samu ka yi shi da rubutunsa, ka kai masa ya gani a buge da girma tare da rabonsa na kuɗin a hannu, ka ce Baba ga rubutunka. In ya nuna sha'awa ka miƙa masa alƙalamin ya ja layi ɗaya, in bai nuna ba ka ƙyale shi.

Ka sake rubuto min da sunan wayarka da abinda aka rubuta a ƙasan laftof ɗin kafin ka biya kowa, sai in duba maka ko zasu karɓi wanda ka zaɓa. Ka gaida Baban da kyau.